Umra a goman ƙarshe ko kwana biyu a Yankari: ina zan kai Malam?

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Gombe, shekarata 58, maigidana 71. Tsohon malamin makaranta ne, daga baya ya koma ma'aikatar ilimi tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi. Shekara uku ke nan da likita ya ce yana da ciwon mantuwa, ga hawan jini. Yana gane ni da yara, jikoki kuwa sai an tuna masa. In zai yi sallah sai na zauna kusa ina ƙirga masa raka'a. Da yamma yakan saka babbar riga ya ce zai tafi ofis Bauchi. Kwanan nan Fulatanci ya fi zuwa bakinsa a kan Hausa. Babban ɗanmu da ke Abuja ya ce zai biya mana Umra a goman ƙarshe na azumi tun Baffansu yana gane mutane. Ni kuwa abin da ke raina daban ne: a 1988, ina amarya, ya kai ni gandun dajin Yankari, ya yi alkawarin in ya yi ritaya za mu koma, Allah bai nufa ba. 'Yan'uwansa sun ce a bar shi a gida kada a tona masa asiri. Ni ma na gaji, na manta rabona da barcin kirki, amma ina jin kunyar faɗa. Wace tafiya zan yi da shi, ko kuwa in haƙura?

Daga wata uwa a Jekadafari

Wa'alaikumus salam Hajiya. Sannu da jinya. Allah ya ba Malam sauƙi, ke kuma ya sa wannan wahala a mizani.

Ba zan ja miki rai ba. Umrar goman ƙarshe tare da Malam, ban goyi baya ba. Zuwa Yankari kuwa ina ganin zai yiwu in an cika wasu sharuɗɗa, amma ki cire zuwan 1988 daga ranki, wannan tafiya ce ta daban da mutum na daban. Akwai kuma tafiya ta uku da ba ki tambaye ni ba, wadda na gani a layin ƙarshe na wasiƙarki. Za mu zo kanta.

Ciwon da ke damun Malam, wanda likitoci ke kira dimenshiya, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ba tsufa ne kawai ba, don ga tsofaffi nan 'yan shekara 90 da za su lissafa miki bashin da suke bin mutane har da canji. Ba kuma sammu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzaima, sai kuma wanda ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da shanyewar jiki ke haifarwa. Shi ya sa maganin hawan jinin Malam bai kamata ya tsallake ko kwana ɗaya ba, a gida ko a hanya.

Yadda ciwon ke cin mutum shi ne abin da zai yanke mana hukuncin tafiyar nan. Sabon abu shi ke fara zubewa, tsohon ya daɗe. An ƙirƙiri jihar Gombe a 1996, amma shekarun da Malam ya fi zama a cikinsu yanzu su ne na kafin nan, lokacin da ofishinsa ke Bauchi. In ya saka babbar riga ya ce zai tafi aiki, a wurinsa gaskiya yake faɗa. Fulatancin ma haka ne: harshen da aka fara yi masa magana da shi a goye ne ke saura in na baya sun fara tafiya. To me ya sa yake iya zama lafiya a gida? Saboda ƙafarsa ta san hanyar banɗaki ko da kansa ya manta. Hannunsa ya san inda buta take. Kunnensa ya san muryar ladanin unguwa. Gidan ne ke riƙe masa rabin abin da ƙwaƙwalwa ta saki. Ranar da aka fitar da shi, wannan rabin ya zauna a Jekadafari, ke ce za ki zame masa shi dare da rana.

Na ga wannan da idona, kuma da hannuna a cikin laifin. Goggona, ƙanwar mahaifina, a unguwar Jahun ta Bauchi ta tsufa da irin wannan ciwo. A gida ba ta da matsala sosai, tana tsintar shinkafa, tana yi wa jikoki tatsuniya ɗaya sau uku a dare. Aka tashi bikin jikarta a Kano, wasu suka ce a bar ta, ni na dage a tafi da ita. Hujjata ita ce gidan biki cike yake da mutane, ba za a rasa mai kula da ita ba. Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu da la'asar sakaliya ta fara kai-kawo tana duba bayan ƙofofi. Ta ƙulle zannuwanta biyu a ɗankwali ta ce za ta je ta ɗora tuwo, Malam ya kusa dawowa daga masallaci. Mijin nata ya shekara goma sha biyu da rasuwa. Muka yi dariya, muka zaunar da ita, aka ci gaba da rabon abinci. Ana kiran magariba aka neme ta aka rasa. Sai bayan isha'i aka same ta a bencin wani mai shayi, titi uku daga gidan, da takalmi ƙafa ɗaya, ta riƙe ƙullinta a cinya. Mai shayin ya ce ya tambaye ta ina za ta, ta ce bayan gidan Sarki. Gidan Sarkin Bauchi take nufi. Mata sun fi arba'in a gidan nan, kowace ta ɗauka wata ce ke kallonta. Da muka koma Bauchi ta yi wajen mako biyu ba ta gane ɗakinta, kuma har ta rasu ba ta koma yadda take kafin bikin ba.

Wannan tashin hankali na yamma, da kike gani a Malam shi ma, sananne ne a wannan ciwo. Haske na raguwa, gajiyar yini ta taru, sai ruɗewa ta ƙaru, mutum ya ce zai tafi gida ko wurin aiki. Ƙungiyar Alzaima ta Amurka ta ce shida cikin goma na masu ciwon za su fita su ɓata aƙalla sau ɗaya.

Yanzu ɗauki wannan ki kai shi Makka a daren 27. Tafiya daga Gombe zuwa inda jirgi zai tashi, zaman jira a filin jirgi, awa huɗu zuwa biyar a sama, layin duba fasfo a Jidda, agogo ya matsa gaba da awa biyu. A goman ƙarshe dare ne ke zama rana, ga tarawihi ga tahajjud, barci ya wargaje, shi kuwa mai wannan ciwo da tsarin barcinsa yake rayuwa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi. Wannan ma da sauƙi, akwai keken turawa. Abin da ya fi ba ni tsoro ƙanana ne. Duk namijin da ke yin Umra fari ya ɗaura, sama da ƙasa, ba hula, ba aljihun da za a sa takarda. In kika juya ki ɗebi zamzam, wa za ki nema a cikin dubban fararen kaya? Banɗakin maza ba za ki bi shi ciki ba, kuma yana da ƙofa fiye da ɗaya. A Madina wurin sallar mata daban ne. In ya ɓata, dattijo ne da zai yi wa askar, wato jami'in tsaron wurin, bayani da Fulatanci cewa ofishinsa na Bauchi yake nema. Hukumomin lafiya na Saudiyya da kansu, a ƙa'idojin Hajjin da suka fitar a 'yan shekarun nan, sun sa tsufa mai haɗe da ciwon mantuwa cikin abubuwan da ke hana mutum zuwa. Wannan na Hajji ne, amma cinkoson goman ƙarshe ɗan'uwan na Hajji ne.

Na san abin da ke zuciyar ɗanku. Ya ji hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Umra a Ramadan tana daidai da Hajji a lada, yana so mahaifinsa ya samu kafin lokaci ya ƙure. Niyya ce ta ɗan albarka, kada a kushe masa. Sai dai a tuna masa ɗayan hadisin da ke cikin Abu Dawuda, cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Da kuma ƙarshen Baƙara, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Mutumin da ake ƙirga wa raka'a, ba wanda ke binsa bashin Umra. Batun ko wani zai iya yi masa yana raye, malamai sun saɓa, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Ku tambaye shi batun azumin Malam ma, tare da likita, don ƙishirwa kaɗai na iya birkita mai wannan ciwo. In har ɗanku ya kafe sai an je, to a fita daga Ramadan da lokacin hutun makarantu, a zaɓi lokacin sanyi, masauki dab da Harami, da maza biyu masu karɓa-karɓa, bayan likita ya amince. Ko a haka ma ni zan fi son a fara gwada shi a kusa.

Gwajin shi ne farkon maganar Yankari. Kada ki fara da gandun daji. Wata safiya ku hau mota zuwa madatsar ruwan Dadin Kowa, ku zauna a inuwa ku ga ruwa, ku dawo kafin azahar. Ki lura: ya ji daɗin motar ko yana neman buɗe ƙofa? Ya sake da ganin baƙin fuska? Bayan mako ɗaya ko biyu, ku kwana ɗaya a gidan wata 'yarku ko ɗan'uwa a cikin gari. Wannan daren shi ne jarrabawar gaske. In ya tashi ƙarfe biyu yana neman hanyar fita, ko ya kasa gane ki na ɗan lokaci, ko ya ce an sace masa kaya, ko yana ganin mutanen da babu su, ko ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo daidai bayan kun koma gida, to kin samu amsarki, kwana a waje ya wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai ku riƙe yawon safe, wanda ba ƙaramin abu ba ne. In kuwa ya ɗan rikice da magariba, kika lallashe shi ya kwanta, ya tashi da safe yana neman shayinsa, sai a ci gaba.

Daga nan sai likitansa, a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe ko duk inda kuke zuwa. Ki faɗa masa inda za ku da kwana nawa. A auna jini, a duba fitsari, ya rubuta miki sunayen magunguna da yadda ake shansu a takarda ɗaya. Ki ɗauki magani na kwanaki fiye da na tafiyar, a jakar hannunki, kada a but ɗin mota inda rana za ta gasa shi. Kada a fara sabon magani ana jibi tafiya. In yana shan donefezil, maganin da ake ba masu ciwon mantuwa, kin riga kin san yana iya kawo tashin zuciya ko gudawa, musamman in an ƙara yawansa. Abin da nake roƙonki da babbar murya: kada wani ya ba ki shawarar ki sayo maganin barci a kemis don ya yi shiru a hanya. Su Valium, da magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci irin su Piriton, ƙara ruɗa tsofaffi suke yi, su sa su faɗuwa.

Ki kuma san bambanci tsakanin ruɗewarsa ta kullum da wadda ke zuwa farat ɗaya. In cikin awoyi ko kwana ɗaya ya canza gaba ɗaya, yana ta barci ba ya tashi, ko yana fizge-fizge, ko maganarsa ta daina haɗuwa, kada ki ce ciwon ne ya ƙaru. Galibi wani abu ne a ƙasa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, rashin ruwa a jiki, ko kwana uku ba bayan gida. Wannan na asibiti ne a ranar. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a mai hawan jini, ba a jiran gari ya waye.

Shi ya sa nisan Yankari ke cikin lissafi. Gandun yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Daga Gombe za ku bi hanyar Bauchi har Dindima ku karya, ku isa ƙofar shiga a Mainamaji, daga nan kuma akwai kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin masaukin Wikki. A ce awa uku, gwargwadon kyan hanya. Manyan asibitoci suna Bauchi, fiye da kilomita 100 daga Wikki. Don haka motarku ce, da direbanku, da mai a tanki, tana ajiye a ƙofar ɗaki. Motar haya daga tasha ba ta cikin zancen. Kafin ku tashi ɗanku ya kira masu kula da wurin ya tambayi abu huɗu: halin tsaron hanya a makon, tun da an sha jin hare-hare a wasu ƙauyukan Alkaleri; ko akwai wuta har safe; wane layin waya ke kamawa; da ɗakin da ba sai an hau bene ba. Lokaci kuma na rani ne, da ciyawa ta bushe dabbobi ke sauka kogin Gaji. Disamba zuwa Fabrairu ya fi muku, a tsakiyar mako, a kauce wa hutun Kirsimeti da na Sallah da wurin ke cika. Maris da Afrilu kin san zafin ƙasarmu, yana kai digiri 40, Malam ba zai tuna ya sha ruwa ba.

Ku tashi da hantsi bayan ya karya ya sha magani, ku isa kafin azahar, ya samu awoyi yana sabawa da ɗakin da sauran haske. Ku tsaya a hanya ya kama ruwa ko bai ce ba. A mota ki zauna kusa da shi a baya, a kulle ƙofar ɓangarensa. Kwana biyu ya isa.

Kada ki je ke kaɗai da shi. Namiji ɗaya da Malam ya sani sosai, mai jin Fulatanci, ɗa ko ƙani, da mace ɗaya da za ta karɓe ki. Jikoki goma da hayaniya a bar su sai wani zuwan. Kuma darasin Goggona: a kowace sa'a a san mutum ɗaya, da sunansa, wanda Malam ke hannunsa. In zai tashi ya ce, wane, ga Baffa nan, na ba ka, wancan ya amsa. Ki ɗinka ƙyalle a cikin rigunansa da sunansa da lambar waya biyu, don takardar aljihu yana iya yarwa. Kowace safiya ki ɗauke shi hoto da kayan da ya saka a ranar.

Ɗakin kuwa ki mayar da shi Jekadafari gwargwadon iko. Butarsa, sallayarsa, carbinsa, bargonsa, kofin shayinsa, rediyonsa a tashar da ya saba. Ki sa shi ya kwanta a ɓangaren gadon da yake kwana a gida. Ki bar ƙofar banɗaki a buɗe da fitila a kunne, ki tafi da fitila mai caji. In akwai babban madubi kuma kin lura yana tsorata da mutumin da ke ciki, ki rufe da zani. A ƙofar fita ki rataya wani abu mai ƙara, ko cokula ne a leda, ki zare makulli. Ki sa ledar shimfiɗa da famfas ɗin manya a jaka ko da bai taɓa buƙata ba, don baƙon wuri na sa fitsari ya kuɓuce, kuma in ya faru a share ba tare da magana ba. Lokacin abinci, sallah da barci su zauna inda suke a gida. In magariba ta yi ya ɗauki babbar riga zai tafi ofis, kada ki ce masa ya yi ritaya. Gardama ba ta dawo da abin da ya goge, ɓacin rai kawai take bari. Ki ce, Malam, an tashi daga aiki, sai da safe, zo ka sha shayi. Ki tambaye shi wa ke ofishin, wace makaranta zai duba. Sau da yawa labarin ne yake so ya ba da.

Abu biyu na Wikki da za ki tuna tun 1988. Gwaggon birai suna nan suna yawo a tsakanin ɗakuna, su fizge leda a hannun mutum, su shiga ɗaki in an bar taga. Kada Malam ya riƙe abinci a waje, kada ya zauna a baranda shi kaɗai. Sai ruwan maɓulɓular Wikki. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, garau har kina ganin yashin ƙasa, kuma wannan garau ɗin ke ruɗar ido, mai ciwon mantuwa ba ya iya auna zurfi, ga wuraren da zai iya shanye mutum. Matakalar sauka tana da tsawo, hawowa ta fi wuya. In ƙafarsa da numfashinsa za su ɗauka, ya sauka da safe a hankali da namiji riƙe da shi, ya zauna a baki ya tsoma ƙafa. In ba za su ɗauka ba, a bari. Zagayen ganin dabbobi ma na safe za ku bi, gajere. Ko ya ga giwa ko bai gani ba, gwanki da ɓauna da gadu sun isa.

Yanzu abin da ya fi wuya in faɗa miki. Mai yiwuwa ku isa Wikki ki ce, Malam, ka tuna nan? ya dube ki ya ce a'a. Mai yiwuwa ku dawo Gombe, washegari ya ce bai je ko'ina ba. Ki shirya wa wannan tun daga gida don kada ya karya miki zuciya a gaban mutane. Kada ma ki yi masa tambayar ka tuna, jarrabawa ce da zai faɗi ya ji kunya. Ki ba shi labarin kawai: a nan ka ce in shiga ruwa na ƙi, a nan biri ya ɗauke mana burodi. Wani lokaci tsohon abu kan taso da kansa, tun da 1988 tana cikin shekarun da suka rage masa. In bai taso ba, ba a yi asara ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka sun nuna wa masu Alzaima gajerun finafinai na ban dariya da na baƙin ciki. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, amma farin cikin ko baƙin cikin yana nan tare da su. Ke ma kin san haka ba tare da bincike ba: ranar da aka yi masa tsawa yini yake a takure, alhali bai san dalili ba. To daɗin ma haka yake zama.

'Yan'uwansa da ke cewa kada a tona masa asiri, na fahimce su, mutuncin ɗan'uwansu suke karewa. Amma ciwo ba abin kunya ba ne, kuma kulle dattijo a ɗaki na ƙara masa ruɗewa da rashin barci. A kan hanya ɓoyewar ma hatsari ce. Ki ja mai kula da masauki da mai gadi gefe ki ce, maigidana yana da ciwon mantuwa, in kun gan shi shi kaɗai ku tsayar da shi da lallami ku kira ni. Mutanenmu in an faɗa musu gaskiya a kan tsoho, da wuya su ƙi taimako. Rufin asirin da ya dace shi ne kada a yi zancen ciwonsa a kansa kamar ba ya wurin, kada kuma a ɗauki bidiyonsa yana ruɗe a tura guruf ɗin dangi.

Saura ke. Kin ce kin gaji kina jin kunyar faɗa. Hajiya, kin faɗa, kuma ba ki yi laifi ba. Ki sani zuwa Yankari ba hutu ba ne gare ki, jinya ce a wani ɗaki, da ido biyu fiye da na gida. Za ki je ne don alkawarin nan da ke ranki, kuma wannan dalili ya isa. Hutunki kuwa dabam za a nema, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jinyar da ta shekara uku ba barci ita ce ke faɗuwa kafin majinyacin, sannan a rasa mai ƙirga raka'ar.

Kuɗin Umrar nan da ɗanku ya tanada, ki kira shi ki ce masa kujera biyun suna nan, amma ke da shi za ku je. Baffa zai zauna a ɗakinsa, da butarsa da ladaninsa. Wata biyu kafin tafiyar, wadda za ta zauna da shi, 'ya ko ƙanwarsa, ta fara kwana a gidan sau biyu a mako, tare da namijin da zai riƙa yi masa wanka da rakiyar masallaci, ke kina nan kina nuna musu yadda kike yi, har fuskarsu ta zama ta gida. Ki rubuta musu tsarin yininsa awa-awa, da abin da ake ce masa in ya ɗauki babbar riga. Ki naɗa muryarki a waya kina gaishe shi da Fulatanci, a kunna masa da magariba. Zai tambaye ki, wataƙila sau ashirin a yini. A ce masa kin je Makka kina yi masa addu'a, kin kusa dawowa. Kwana goma ko sha biyu, ba wata guda ba. In ɗan naku ya ce ai don Baffa ya yi niyya, ki ce masa ya ware wani abu daga ciki ya ɗauki mai taya ki kwana uku a mako, sannan ya nemi hutu a Janairu ya zo ya tuƙa ku Dadin Kowa da kansa.